Malam Aminu Kano: Jagoran Talakawa Da Ya Nemi Haƙƙi Ba Tare Da Makami Ba

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa zuwa Kano ta jirgin sama ya san cewa filin jirgin da ake sauka sunan Malam Aminu Kano yake ɗauke da shi, haka kuma babban asibitin koyarwa na birnin. Sai dai da yawa daga cikin matasanmu na nan Gadarif da Kasala da Gallabat sunan kawai suke ji, ba su san abin da mutumin ya yi har aka girmama shi haka ba. Bai taɓa zama shugaban ƙasa ba, bai yi gwamna ba, bai yi sarauta ba, kuma bai tara dukiya ba. Abin da ya shahara da shi shi ne ya koya wa talaka yadda zai fito fili ya faɗi damuwarsa a gaban hukuma, cikin tsari da natsuwa, ya koma gida ba tare da ya ƙona rumfar kowa ba. A wannan lokaci da al'ummarmu ta sha fita muzahara, wani lokaci a dawo lafiya wani lokaci a dawo da gawa, tarihin wannan bawan Allah abin a tsaya a duba ne.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Malam Aminu ranar 9 ga watan Agusta 1920 a unguwar Sudawa cikin birnin Kano. Mahaifinsa Malam Yusufu malami ne daga Fulanin Genawa, zuriyar da ta shahara da ilmin shari'a, kuma ya yi aikin mufti a kotun alƙali. Mahaifiyarsa Rakiya ita ma mai karatu ce. Saboda haka tun yana yaro ya tashi cikin littattafan addini, yana kuma ganin yadda ake shari'a da yadda mai ƙarfi ke danne mara ƙarfi idan alƙali ya ji tsoron fada.

Bayan karatun allo an sa shi makarantar Shahuci, daga nan ya wuce Midil ta Kano, sannan a 1937 ya shiga Kwalejin Kaduna, wadda daga baya ta koma Kwalejin Barewa. A can ne ya fara rubuta wasannin kwaikwayo da Hausa. Ɗaya daga cikinsu a kan kasuwar Kano yake, yana nuna yadda ake cutar baƙauye idan ya shigo da kayansa, tun daga dillali har zuwa mai awo. Wato tun yana ɗalibi idonsa yana kan abin da ke faruwa da ƙaramin mutum a kasuwa.

Bauchi da taron farko

A 1942 ya fara koyarwa a Midil ta Bauchi, inda ya yi aiki tare da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda daga baya ya zama Firayim Ministan Nijeriya. A Bauchin ne kuma ya shaƙu da Malam Sa'adu Zungur, malami kuma mawaƙi mai kaifin harshe, wanda ya yi tasiri ƙwarai a kan tunaninsa. Su da wasu malaman makaranta da ma'aikatan En'e suka riƙa zama a wata majalisar taɗi da aka kafa a 1943, inda ake kawo batu a yi muhawara a kansa, har Turawan mulki kan halarta. Da tambayoyi suka fara taɓa tsarin mulkin En'e da albashin sarakuna, sai hukuma ta rufe majalisar. Su kuwa ba su watse ba, sai suka sake haɗuwa a ƙarƙashin wata ƙungiyar ci gaban Bauchi.

A 1946 ya sami tallafin ƙaro ilmin koyarwa a Jami'ar Landan. Ya je Ingila a daidai lokacin da Indiya ke dab da karɓar 'yancinta, kuma labarin Mahatma Gandhi ya cika ko'ina. Abin da ya ja hankalin Malam Aminu shi ne yadda Gandhi ya tsaya wa daular Ingila ba tare da bindiga ba. A 1930 Gandhi ya yi tattaki na kwana 24 da ƙafa zuwa bakin teku don ya karya dokar da ta hana talaka yin gishirinsa, aka kama dubban mutane, amma ba su rama duka ba. Kafin wannan, a 1922, da mabiyansa suka ƙona wani ofishin 'yan sanda a garin Chauri Chaura aka kashe 'yan sanda 22, Gandhi da kansa ya dakatar da gwagwarmayar baki ɗaya, duk da cewa tana kan ganiyarta. Wannan darasi na cewa jagora yana da alhakin abin da taronsa ya aikata ya zauna wa Malam Aminu a zuciya, har daga baya wasu suka riƙa kiransa Gandhin Nijeriya.

Da ya dawo gida ya kafa ƙungiyar malaman makarantun Arewa, sannan a 1948 aka sami abin da ya gwada shi. Sabon Gwamnan Nijeriya, Sir John Macpherson, ya shirya rangadin manyan garuruwa, amma aka tsallake Bauchi. Malam Aminu da Malam Sa'adu suka fahimci cewa an yi haka ne don kada Gwamna ya ji koke-koken mutanen garin. Abin lura a nan shi ne yadda suka ɓullo wa lamarin. Sun fara zuwa wurin Sarkin Bauchi suka yi masa bayanin abin da suke nufi, suka nuna masa cewa tsallake garin raini ne ga shi kansa da jama'arsa, har ya yarda a yi taron. Sannan suka tara jama'a a fili a kan magana guda ɗaya da kowa ya fahimta. Masu tarihi suna lissafa wannan taro cikin na farko-farko irinsa a Arewacin Nijeriya. Ba a daɗe ba hukuma ta ɗauke shi daga Bauchi ta kai shi makarantar horon malamai ta Maru a Lardin Sakkwato, da zaton nisa zai sa ya yi sanyi.

NEPU da wahalhalun 'yan Sawaba

Ranar 8 ga Agusta 1950 wasu matasa takwas suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, cikinsu akwai Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Mudi Sipikin da Magaji Ɗambatta. A Hausa ana kiranta Jam'iyyar Neman Sawaba. Malam Aminu yana aikin gwamnati a lokacin, don haka sunansa bai fito cikin waɗanda suka kafa ta ba, amma a watan Nuwamba na shekarar ya ajiye aikin, ya bar albashi da fansho, ya rungumi siyasa. A 1953 ya zama shugaban jam'iyyar.

Ya kamata 'yan uwa 'yan kasuwa su san su waye 'yan NEPU. Mafi yawansu ƙananan 'yan kasuwa ne da teloli da mahauta da maɗinka da marina da 'yan koli da malaman zaure. Dalili kuwa shi ne su ne ba sa cin albashin En'e, saboda haka ba a iya yi musu barazanar kora daga aiki. Su ne kuma masu yawo kasuwa-kasuwa, don haka da kayansu da saƙon jam'iyya suke tafiya tare. Abubuwan da suke kuka da su sanannu ne: haraji da jangali da ake karɓa fiye da ƙima, aikin tilas a gonakin masu sarauta, gaisuwar dole, kama mutum ba laifi, da kotunan da ke hannun wanda ake ƙara.

A wancan zamani 'yan doka da gidan yari da kotun alƙali duk a ƙarƙashin En'e suke, En'e kuwa tana tare da jam'iyyar NPC mai mulki. Kafin a yi lacca sai an nemi izini daga wannan En'e ɗin. Sau da yawa a hana, ko a bayar a ƙurarren lokaci, ko a ba da fili can bayan gari. Idan an yi laccar kuma, ambaton sunan sarki ko hakimi kan iya jawo ɗauri. An yi wa 'yan NEPU bulala a bainar jama'a, an ɗaure su, an kori wasu daga garuruwansu, an ƙwace wa wasu rumfuna a kasuwa. Shi kansa Malam Aminu an gurfanar da shi a kotu fiye da sau ɗaya, har da laifin ɗaga tutar jam'iyya a motarsa cikin birnin Kano. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, jagorar matan NEPU, an ɗaure ta sau 16 a rayuwarta, an kuma taɓa korarta daga ƙasar Kano.

Duk da haka hanyar da Malam ya ɗora jam'iyyar a kai ba ta sauya ba. A nemi izini ko da an san za a hana, domin hanawar ita kanta hujja ce da za a nuna wa duniya. A rubuta takardar koke a kai wa Razdan, a kai wa Gwamna, a aika wa jaridu, a aika wa 'yan majalisar Ingila masu sauraro. Idan an kama mutum a bi shi kotu, a ɗaukaka ƙara. A yi amfani da waƙa, inda irin su Mudi Sipikin da Gambo Hawaja suka riƙa isar da saƙo ga wanda bai iya karatun boko ba. A kuma kafa hujja da addini, domin Malam Aminu masani ne, yana nuna wa jama'a cewa abin da suke nema na adalci shi ne abin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙaninsa Abdullahi suka rubuta a kansa. Wannan ya sa ya yi wuya a ce musu 'yan tawaye ne marasa tarbiyya, ko da yake an faɗa.

Ba za a ce duk 'yan NEPU sun iya haƙurin Malam ba. A 1953 aka kafa wani gungun 'yan daba a Kano da ake kira 'Yan Mahaukata, aikinsu tarwatsa laccar NEPU da dukan 'ya'yanta. Matasan jam'iyyar suka kafa nasu rukunin don kare taruka, wanda daga baya ya zama Rundunar Samarin Sawaba, kuma an sha gwabzawa tsakanin ɓangarorin biyu. Amma duk lokacin da aka yi irin wannan faɗa, 'yan NEPU ne ke kwana a gidan yari, domin alƙali da ɗan doka na wancan ɓangare ne. Wannan ya ƙara tabbatar da abin da Malam yake nuna musu, cewa wanda ba shi da hukuma a hannu idan ya ɗauki sanda ya ba abokin hamayyarsa abin da yake nema.

Darasin watan Mayu 1953

A shekarar da ya karɓi shugabancin NEPU ne Kano ta ga abin da taro mara linzami ke haifarwa. Bayan taƙaddamar da aka yi a majalisar Legas kan neman mulkin kai a 1956, jam'iyyar Action Group ta turo tawaga Arewa ƙarƙashin Cif Akintola. Aka shirya jerin gwano a Kano don nuna ƙin amincewa da zuwansu. Abin da aka fara da sunan nuna ra'ayi ya rikiɗe ya zama faɗan ƙabilanci tsakanin mutanen birni da Fagge da mazauna Sabon Gari, daga 16 zuwa 19 ga Mayu. Alƙaluman hukuma sun nuna mutum 36 sun mutu, 241 sun ji rauni. An fasa kantuna, an wawashe kaya. Manyan 'yan siyasar da aka yi rigimar dominsu suka tafi Landan taron tsarin mulki bayan 'yan watanni, shi ma Malam Aminu ya halarta a madadin NEPU, amma mai rumfar da aka wawashe ba wanda ya mayar masa da jarinsa.

Akwai kuma misali daga maƙwabta. A Nijar jam'iyyar Djibo Bakary ita ma Sawaba ake kiranta, kuma tana da alaƙa da 'yan NEPU na Kano. An haramta ta a 1959. Da tura ta kai bango, shugabanninta suka zaɓi makami, suka turo mayaƙa ta kan iyakoki a 1964. Cikin ɗan lokaci aka murƙushe su, aka harbe wasu a bainar jama'a, aka cika gidajen yari da magoya bayansu. Zaluncin da aka yi musu gaskiya ne, amma hanyar da suka bi ta ƙare da asarar mutanensu. NEPU kuwa, duk da azabar da ta sha, tana nan da ranta har sojoji suka rushe jam'iyyu baki ɗaya a 1966.

Abin da haƙuri ya haifar

Ta fuskar zaɓe Malam Aminu ya sha kaye fiye da yadda ya ci. A 1951 NEPU ta yi rawar gani a matakin farko a Kano, amma tsarin zaɓe mai hawa-hawa, wanda ya ba En'e damar cusa mutanenta a tsakiya, ya hana ta kai ko mutum ɗaya majalisa. Ya faɗi a 1954, ya faɗi a 1956. Sai a 1959 ya ci kujerar Kano ta Gabas a Majalisar Tarayya, ya kuma wakilci Nijeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya. A 1964 ya sake rasa kujerar.

Amma idan aka dubi abubuwan da ya fito yana nema, za a ga ɗaya bayan ɗaya sun tabbata. A 1958 gwamnatin Arewa ta kafa kwamitin masana don gyara tsarin shari'a, kuma koke-koken da aka daɗe ana yi kan kotunan En'e suna cikin abin da ya tilasta hakan. Wanda ya shugabanci kwamitin ɗan ƙasar nan ne, Babban Jojin Sudan na lokacin, Sayyid Muhammad Abu Rannat, kuma kundin hukunta laifuffuka da Arewacin Nijeriya ta fara aiki da shi a 1960 an gina shi ne a kan na Sudan. Dama tun 1934 malaman Sudan ne suka je suka koyar a makarantar horon alƙalai ta Kano, don haka zumuncin tsoho ne.

Bayan juyin mulkin 1966, Janar Yakubu Gowon ya naɗa Malam Aminu Kwamishinan Sadarwa na Tarayya a 1967, daga baya a 1971 ya koma ma'aikatar lafiya har zuwa 1974. Yana cikin tawagar gwamnati a zaman sulhun yaƙin Biyafara da aka yi a Kampala a 1968. A wannan tsakani ne aka raba Nijeriya jihohi 12, aka kuma karɓe 'yan doka da gidajen yari da kotuna daga hannun En'e aka mayar da su ƙarƙashin gwamnati. Matan Arewa, waɗanda NEPU ta daɗe tana nema wa 'yancin jefa ƙuri'a ana yi mata dariya, sun sami wannan 'yanci a 1976.

Da aka dawo siyasa a 1978 ya kafa jam'iyyar PRP mai alamar mabuɗi. Ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1979 ya sami ƙuri'a sama da miliyan 1.7, jam'iyyarsa kuma ta ci gwamnonin Kano da Kaduna, wato Alhaji Abubakar Rimi da Alhaji Balarabe Musa. Da hawansu suka soke haraji da jangali. Abin da talaka ya sha bulala a kansa tun 1950 ya zo ƙarshe da sa hannu a takarda, bayan kusan shekara 30.

Rabuwar kai da ƙarshen rayuwarsa

Shekarunsa na ƙarshe ba su zo da daɗi ba. PRP ta dare gida biyu, 'yan Taɓo da ke tare da Malam da 'yan Santsi da ke tare da gwamnonin biyu. A watan Yuni 1981 majalisar Kaduna ta tsige Balarabe Musa. Ranar 10 ga Yuli na shekarar, bayan gwamnatin Kano ta aika wa Sarki Alhaji Ado Bayero takardar tuhuma, wasu gungun mutane suka fito da sunan nuna fushi, suka cinna wa gidan Rediyon Kano da wasu gine-ginen gwamnati wuta, suka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa, a gidansa. Malam yana raye ya ga wannan rana a garin da ya shafe shekaru yana koyar da akasin haka.

Yana shirin sake tsayawa takara a 1983, har ya zaɓi mace, Uwargida Bola Ogunbo, a matsayin mataimakiyarsa, sai Allah Ya karɓi abinsa ranar 17 ga Afrilu 1983, yana da shekara 62. An binne shi a gidansa da ke Gwammaja, wanda ake kira Gidan Mambayya, yanzu kuma cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce ta Jami'ar Bayero. Mutumin da ya yi minista shekara bakwai ya rasu ba shi da wata dukiyar a zo a gani. An san shi da farar riga da jar hula, da tafsirin da yake yi a watan azumi, da ƙofar gida da ba ta rufuwa ga mai koke. Cikin littattafan da ya bari akwai Motsi Ya Fi Zama.

Abin da ya shafe mu a nan

Mu Hausawan Sudan, jikokin mahajjata da na waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, muna zaune a ƙasar da ta san ƙarfin taron lumana. Yajin aiki da jerin gwano ne suka kawar da mulkin Abbud a Oktoba 1964, suka kawar da Numairi a Afrilu 1985, kuma Gadarif na cikin garuruwan farko da suka fito a Disamba 2018 kafin faɗuwar Bashir a Afrilu 2019. Mun kuma san cewa lumana ba ta hana harsashi, domin an ga abin da aka yi wa masu zaman dirshan a Khartum ranar 3 ga Yuni 2019.

Mu ma mun fita a kan namu. A Oktoba 2008, bayan wata jarida ta buga maganar da aka jingina wa shugaban ƙasa na lokacin kan asalin Hausawa, jama'a sun fito a Gadarif da Kasala, aka yi arangama, aka rasa rayuka. A Yuli 2022, bayan kashe-kashen da aka yi a Jihar Nilul Azraƙ, dubban Hausawa sun fito a Gadarif da Khartum da Madani da Bur Sudan da sauran garuruwa suna neman a bi kadin jinin 'yan uwansu. Koken gaskiya ne, ba wanda zai musa. Amma a Kasala an ƙona ofisoshin gwamnati da kantuna, nan take hukuma ta haramta taruka, labarin da ya bazu a duniya ya koma na wutar da aka cinna, aka rage maganar waɗanda aka kashe a Rusairis. Wanda ya kunna ashanar, ko da cikinmu yake ko cusa shi aka yi, ya yi wa masu kisan aiki.

Daga rayuwar Malam Aminu ana iya tsintar abubuwan da duk mai shirya taro ya kamata ya riƙe. Na farko, a san abin da ake nema, a rubuta shi a takarda cikin 'yan layuka, a kuma san ofishin da za a miƙa wa. Taron da ba shi da buƙata guda bayyananniya kowa zai iya ɗora masa tasa. Na biyu, a sanar da hukuma, a nemi izini a rubuce, a ajiye kwafi, a kuma shigar da sarakunan unguwa da limamai da shugabannin kasuwa tun kafin ranar, kamar yadda aka fara da Sarkin Bauchi a 1948. Na uku, a sami shugabanni sanannu da za su tsaya a gaba su ɗauki alhaki, da dattawa da samari masu natsuwa da za su tsare gefen layi, su fitar da duk wanda aka gani da wuƙa ko sanda ko jarkar fetur, ko ɗan wane ne.

Na huɗu, a zaɓi hanya da lokaci da hankali. Kada jerin gwano ya ratsa tsakiyar kasuwa ko unguwar waɗanda ake da saɓani da su, a fita da hantsi a watse kafin la'asar, a tanadi ruwan sha, a bar ƙananan yara da marasa lafiya a gida. Na biyar, a yi magana a kan zaluncin, kada a zagi ƙabila, domin gobe da su za a yi cinikin riɗi da dawa da ƙaro, da su za a haɗu a Gallabat da Matamma. Na shida, idan an ga alamar abin zai ɓaci, jagora ya sallami jama'a ko da ba a kai inda aka nufa ba, kuma idan an kama wani a bi sawunsa, a nemo masa lauya, a kula da iyalinsa. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilu 2023 makamai suka yawaita a hannun mutane, jihohi kuma suka kafa dokokin ta-ɓaci, saboda haka akwai lokacin da tawagar dattawa goma da takarda a hannu ta fi taron dubu amfani. Ita ma wannan hanya Malam ya bi ta sau ba adadi.

Masu iya magana sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse. Haƙurin Malam Aminu na motsi ne, yana fita, yana rubutu, yana shiga kotu, yana faɗuwa zaɓe yana sake tsayawa, har abin da ya nema ya tabbata a idonsa. Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin cewa jarin da aka tara a shekara ashirin wuta kan cinye shi a dare ɗaya. Haka mutuncin al'umma yake a idon maƙwabtanta. Allah Ya jiƙan Malam Aminu Kano da sauran magabatanmu, Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya kawo wa Sudan zaman lafiya mai ɗorewa, amin.